Banɗakin da Ke Jiran Almakashi

Ni na ƙera ƙofar banɗakin, shi ya sa aka bar makullin a hannuna. Shagon waldata bango ɗaya ya raba shi da ɗakunan da Anti Nas ta kama haya. Tsohuwar ma'aikaciyar asibiti ce, da ta yi ritaya sai ta tara matan layinmu suka kafa ƙungiya. 'Yan mata masu talla da marayu suna zuwa da rana, a koya musu karatu da ɗinki, ƙananan kuma a wanke musu ƙuraje.

Komai akwai daidai gwargwado, har da allo da kekunan ɗinki, banɗaki ne kawai babu. Yarinyar da ta matsu sai ta tsallaka titi, ta bi ta gaban masu faci, ta shiga na tashar mota, inda 'yan kamasho ke zaune ba su da aiki sai fito da baki. Ƙananan ba ruwansu. Amma wadda ta fara girma, sai ka ga ta yi fashin wasu kwanaki a wata, daga nan ta ɗauke ƙafa gaba ɗaya.

Haka ta faru da Tsinke, wadda ta fi kowa hannu a keke. Wani ɗan kamasho ya bi ta da magana har bakin titi, ta koma gida tana kuka. Washegari kakarta ta zo da sanda, ta tsaya a ƙofa.

"Nas, ba faɗa na zo yi ba. Ita kaɗai ɗana ya bar mini. Ranar da kuka sami wurin tsuguno, ki aiko. Kafin nan tana gida."

Anti Nas ta yi ta yawon ofisoshi har takalminta ya cinye. Allah ya taimake ta wata babbar ƙungiya ta yarda za ta gina musu banɗakin. Aka turo wani jami'i da muke kira Mai Jaka, don ko gaisawa zai yi sai ya maƙale ta a hammata. Aka gina banɗaki mai kyau, da tayil da famfo da madubi. Na kafa ƙofa. Anti Nas ta ce wa wata yarinya, "Ruga ki kira Tsinke."

"Dakata, Hajiya," in ji Mai Jaka. "Ba a ƙaddamar ba."

Ya ɗaura jan ƙyalle a ƙofar, ya danna kwaɗo, ya miƙo mini makulli. Ya ce sai Babban Baƙo ya zo ya yanke ƙyallen da almakashi an ɗauki hoto, kuma dole hoton ya nuna abu sabo fil.

"Yaushe zai zo?" Anti Nas ta tambaya.

"Nan ba da jimawa ba."

Na daɗe a duniya, na san tsawon "ba da jimawa ba". Damina ta zo ta wuce. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa: yara na share gaban banɗaki kullum, suna goge ƙofarsa, in sun matsu su tsallaka titi. Mutane suka fara kawo baƙinsu kallo, ana ɗaga yara su leƙa ta taga. Mai Jaka kan zo dubawa, in buɗe masa, ya zura kai ya shaƙi iska.

"Madalla. Ƙamshin siminti."

Ranar nan akuyar mai shayi ta cinye ƙyallen tas. Anti Nas ta yi guɗa, ta ce an yanke ke nan. Mai Jaka ya zo ya duba guntun da ya rage, ya koma ofis aka yi zama, ya dawo da hukunci: akuya ba ta da hurumi. Aka ɗaura sabo, aka ɗaga shi sama yadda ba za ta kai ba.

Na ce wa Anti Nas, "Ga makulli fa a aljihuna. Wa zai sani?"

"Hancin Mai Jaka zai sani, Baba Walda. Sun yi alkawarin rufin kwano, ba na so a fasa."

Tsinke kuwa kan wuce ta gaban shagona da farantin talla, ta rage tafiya daidai tagar da kekuna ke ƙara. Na ji kakar ta fara maganar tura ta aikatau wani gari mai nisa. Anti Nas ta je ta roƙe ta, tsohuwa ta ce za ta jira ranar buɗewa, in ranar tana da ranar zuwa.

Sai ga ranar ta zo, ba zato. Aka kafa rumfa, aka jera kujerun roba, yara suka sa tufafin da suka ɗinka da kansu. Kaka ta zo da Tsinke, ta zauna a gaba ta dogara haɓa a kan sanda. Tun hantsi muke jira, sai bayan la'asar Babban Baƙo ya iso. Ashe tun safe yake ƙaddamarwa. Ya buɗe famfo, ya buɗe kwalbati, ya buɗe allon da ke nuna hanyar kwalbatin, kuma duk inda ya tsaya sai an cika shi da kek da lemo.

Tun fitowarsa daga mota na gane. Taku yake ɗai-ɗai kamar mai ɗauke da ƙwai, gumi na bin wuyansa. Yara suka fara waƙar maraba, ya ɗaga hannu a tsaya. Ya sunkuya wajen Anti Nas ya yi raɗa, amma makirfo na kusa, duk muka ji.

"Hajiya, ina kewayenku?"

Kowa ya juya ya kalli jan ƙyalle.

"Ranka ya daɗe, almakashin na cikin motar baya," in ji Mai Jaka. "Mai hoto ma yana cikinta. Taya ce ta yi faci, yanzu za su iso."

"To ku ina kuke zuwa?"

Anti Nas ta ce, "Tsinke, kwatanta wa Yallaɓai."

Tsinke ta miƙe ta rusuna. "Yallaɓai, za ka tsallaka titi, ka kula da masu babur. Ka wuce masu faci, ka shiga tasha, ka bi bayan motocin dogon zango. In akwai layi ka jira. Ƙofar ba ta da sakata, sai ka tokare da ƙafa. In sun yi maka fito kada ka waiga, waigen ne ke ƙara musu ƙarfi."

"Da nisa?"

"In da gudu ne, ba sosai ba."

Babban Baƙo ya dubi titi, ya dubi babbar rigarsa, ya dubi ƙofata. Cikinsa ya yi wata ƙara da makirfo ya ɗauka. Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi.

"Wa ke da makulli?"

Kafin ya rufe baki na buɗe kwaɗo. Mai Jaka ya sha gabansa ya buɗe hannuwa. "Ranka ya daɗe, ƙa'ida! Minti kaɗan!" Aka ture shi da jakarsa gefe. Ƙyallen da aka ɗaga don akuya ya zo wa baƙo daidai ƙirji, ya shige da shi, muka ji ɓarat. Yara suka ɗauka shi ke nan bikin, suka ɓarke da tafi, suka ci gaba da waƙar daga inda aka tsayar da su. Sai da suka maimaita ta har muryoyi suka dishe kafin ya fito.

Ya fito fuska a sake, da guntun ƙyalle a kafaɗa. Ya ce bai taɓa ƙaddamar da aikin da ya gamsar da shi irin wannan ba. Ya shiga mota.

Lokacin ne mai hoto ya iso a guje, riƙe da almakashi. Mai Jaka ya tsince ƙyallen yana ƙoƙarin ƙulla shi.

"Wannan bai shiga lissafi ba. Babu hoto. A rufe, a sake sa rana. Baba, ina kwaɗon?"

Na laluba aljihu, babu. Ashe Kaka ta riga ta ɗauke shi daga jikin ƙofa ta ƙulle a bakin zaninta. Ta kauda Mai Jaka da kan sanda ta shiga. Muka ji ta murɗa famfo, ta ja sakata ta buɗe, ta sake ja. Ta fito tana goge hannu.

"Ɗan nan, in kana son kwaɗonka ka zo ka kwance shi da kanka."

Mai Jaka ya dubi inda kwaɗon yake, ya dubi sandar, ya gyara jakarsa.

Kaka ta juya wajen Tsinke. "Ke kuma me kike tsaye kina kallona? Ba kin ce kin bar riga rabi a keke ba?"