Gyaran Gidan da Ya Ƙi Ƙarewa

Auta ne ya ɗauki nauyin gyaran gidan daga can ƙasar da yake aiki, ni kuwa aka naɗa ni mai ɗaukar hoto. Tsohon direba da hannunsa ke rawa! Hotunan farko duk babban yatsana ne ya cinye rabinsu.

Amma fa sun yi mini rana. Tun rasuwar mahaifiyarsa, wayarmu ba ta wuce "Baba, ya jiki?" da "Da sauƙi." Da ita ake hira, ni daga gefe nake tsoma baki. Yanzu ko, ina tura hoto sai ga kira.

"Baba, tagar nan kamar ta karkace."

"Hannuna ne ya karkace, bar tagar mutane."

Ya yi ta dariya. Mu yi gardama a kan kalar tayil, mu yi gulmar birkila, har shayina ya huce.

Sai na yi rashin sa'a, aka haɗa ni da ma'aikata masu zafin nama, abin da ban taɓa gani ba a wajen masu gini. Kan ka ce me, mai fenti ya wanke burushinsa, ya tattara bokitai, ya ce, "Baba, mun gama." Gida ya yi tsit, daga ni sai warin fenti. Na zauna a falo tsoro ya kama ni: in aiki ya ƙare, me zai kira ya ce?

Ban faɗa masa ba. Akwai tsofaffin hotuna cike da waya, sai na riƙa sakin su ɗaya-ɗaya kamar mai shan magani. Yau filasta, wani mako silin. Ina tsaye a kan sabon tayil ina ce masa yashi ya yanke. Birkila bawan Allah yana can wani aikin, ina nan ina ɗora masa lalaci.

Ranar da na tura hoton katangar baya, kiran ya ɗan jinkirta.

"Baba, gwandar nan ta jikin katanga tun damina take kore. Ba ta nuna ne?"

Na leƙa ta taga. Tuni tsuntsaye suka cinye ta.

"Birkila ya turo min bidiyon gidan tun ranar da suka gama," ya ce a hankali.

"To me ya hana ka magana?"

Na ƙara manna wayar a kunne. Ina jin kukan firij a ɗakinsa, babu muryar kowa.

"Nan ma ba ni da abokin gardama, Baba. Hotunan saura nawa?"

"Sun ƙare. Wannan ne na ƙarshe."

"To gobe juya wayar, ka ɗauki kanka."

Washegari na sa hula na tsaya a jikin sabuwar ƙofa. Yatsan nan dai ya sake cinye rabi. Ko zama ban yi ba kira ya shigo.

"Baba," ya ce, "yaushe ka rame haka?"