Inda Aka Rage Sautin Waƙar

Ina tsoron tsohon tef fiye da yadda ya kamaci mai difloma a aikin ɗaukar sauti. Idan ya daɗe a ajiye yakan yi danƙo, sai an gasa shi a tanda da ɗumi kaɗan kafin a ɗora shi a inji, kuma babu tabbacin zai jure juyi na biyu. Wanda aka danƙa mini shi ne na waƙar da ta fito da ƙungiyar Copper Mule a 1974, a nan Hamilton.

Duk wanda ya san waƙar ya san ba a jin ƙarshenta. Jita na tsakiyar kuka sautin yake raguwa har ya ɓace. Kamfaninmu ya sayar wa jama'a alkawarin fitar da ita cikakkiya, kuma shugabata, Misis Halloran, ta gaya mini cewa ci gaban aikina yana rataye da wannan.

Mutum biyu suka rage a ƙungiyar, suka zo su saurara: Royce mawaƙi da Gord makaɗin ganga. Emmett mai jita ya daɗe da rasuwa, bayan sun sallame shi saboda yawan kuskure.

"Ƙara sauti, ɗana," in ji Royce. "Wannan tsohon kurma ne."

"Ihunka ne ya kashe min kunne, tsohon banza," in ji Gord, yana gutsurar donot.

"Yau za a ji wanda ya ɓata ƙarshen. Kai ne ka saki kiɗa."

"Ni? Emmett ne ya zo a buge."

Na kunna. Muka wuce gurbin da duniya ta sani, waƙar ta ci gaba, sai jita ta yi tuntuɓe ta tsaya. A zamanin, an sa Emmett a ƙaramin ɗaki shi kaɗai don kada ganga ta shiga sautinsa, saboda haka abin da ya faɗa bai kai kunnen kowa ba sai makirufonsa. Kowannensu da layinsa a tef ɗin, sai na ɗaga sautin nasa.

"Ku dakata," in ji muryar Emmett, a hankali. "Ba na jin yatsuna. Royce, don Allah, ba na jin yatsuna."

Ganga ba ta tsaya ba. Daga ɗaya layin aka ji Royce, da muryar ƙuruciya, yana dariya: "Ya sake sha. A rage sautin daga nan kawai."

Tef ya ƙare, bakinsa yana ta dukan inji. Na san ya kamata in ji wani abu a raina, amma ban ji ba. Na tsayar da injin, na duba kwamfuta na ga komai ya shiga, na share baƙar ƙurar da tef ya zubar. Gord ya ajiye donot ɗin a kan gwiwarsa. Royce yana kallon bango.

Misis Halloran ta leƙo. "Wendell, an samu? Ya fito sosai?"

"Ya fito, ranki ya daɗe."

"To, madalla. Ka haɗa shi duka."

Na dubi tsofaffin, babu wanda ya ɗago.

"Ba zan haɗa ba," na ce. "Cikakken kwafin nasu ne su biyu. Wanda za a sayar, zan rage sautinsa a inda aka rage shi tun farko."