Bandejin da Ya Sha Guga

Kwana shida ke nan da Auta ta gurɗe ƙafa, kumburin kuwa ya ƙi sauka. Ranar Talata ce ta taka bakin kwata tana saukowa daga bas, ƙafar dama ta juya. A asibiti aka ɗauki hoto aka ce ƙashi lafiya lau, targaɗe ne. Aka naɗa mata bandeji mai roba daga tafin ƙafa zuwa saman idon sawu, aka ce ta huta, ta riƙa ɗora ƙafar a kan filo, ta kuma cire shi in za ta kwanta barci. Saura mako guda ta zauna gwaji a wani kamfanin ɗinka kayan makaranta, inda za a ɗauki mutum uku cikin ashirin. Shekara biyu tana koyon ɗinki don irin wannan rana, kuma keken ɗinki da ƙafa ake taka shi.

Mahaifinta mai wanki da guga ne, shagonsa a jikin gidan yake. Tun ranar farko ya karɓe ɗaurin ƙafar daga hannun kowa. Kullum da safe zai durƙusa a gabanta, ya danna kumburin da babban yatsa, ya ɗauki tef ɗinta na awo ya zagaya idon sawun, ya rubuta abin da ya gani da alli a bayan ƙofa. Kwana biyun farko lambar ta ragu. Daga nan ta tsaya cak a inci goma sha ɗaya, kamar an kafa mata ƙusa.

Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne bandejin kansa. Da safe zai ɗaure shi tam, kafin azahar ya sulale ya taru a diddige kamar tsohuwar safa. Gobe ya ƙara ƙarfi, jibi ya ƙara, duk ɗaya. Sannan ga wani abu: ranar da ma'aikaciyar asibiti ta naɗa shi, bakinsa ya ƙare ne daidai saman idon sawu. Yanzu sai ya ƙara zagaye biyu kafin ya kai ƙarshe. Ta ina bandeji yake samun tsawo? Matarsa ta ce ai ƙafar ce ta rame. Ya nuna mata bayan ƙofa. Sai ta ce to yarinyar ce ba ta zama, da ya shiga shago take tashi. Auta ta rantse ban da banɗaki babu inda take zuwa, ta ce in Mama na neman wanda ba ya zama, ta dubi Baba, da ke leƙowa sau ashirin a wuni yana tambayar ƙafa.

Ranar Litinin ya kasa haƙuri. Ya ninke bandejin gida huɗu, ya sa a cikin takarda mai tsabta, ya nufi kemis ɗin da ke bakin titi. Mai kemis ɗin mace ce mai tabarau, ba ta da gaggawa. Ya zayyana mata komai, har da lambobin bayan ƙofa, ya ce yana zargin jabu aka ba su. Ta buɗe takardar, ta tsaya tana kallon abin da ke ciki: fari fat, shimfiɗe, har da kari a kowane ninki. Ta kai shi hanci.

"Baba, wa ya goge wannan?"

"Ni mana, Malama. Abin asibiti ne, zai taɓa ciwo."

Ya ci gaba da bayani, don yana ganin a nan dai ba shi da laifi. Da yamma in an cire, yakan jiƙa shi a tafasasshen ruwa da ɗan bilic, ya murɗe shi sosai, ya rataya a igiya. Da safe ya bi shi da dutsen guga mai zafi, gaba da baya, don kada wata ƙwayar cuta ta tsira. Ta cire tabarau ta goge, ta ce ƙwayoyin cuta dai sun mutu, babu shakka, amma sun tafi da bandejin.

Ta ɗauko sabo ta warware a kan tebur, ta ce ya ja ya saki. Ya ja, ya ji abin yana gardama da hannunsa, da ya saki ya koma fit inda yake. Ya ja nasa. Ya miƙe ba musu, ya saki, ya kwanta a nan inda aka bar shi. Ta ce a cikin saƙar akwai siraran zaren roba, kuma komawar da suke son yi ita ce ke matse ƙafa ta hana ruwa taruwa. Zafi da bilic da murɗa suna kashe su. In sun mutu, ko da ƙarfin mutum goma aka ɗaure, tsumma ne kawai aka naɗa.

Shekara talatin mai guga yana wannan sana'a, bai taɓa ɗora dutse a kan robar wando ba. Har faɗa yake yi wa masu kawo masa wanki in sun ce a goge musu ƙugu. Amma wannan da ya gan shi fari kamar yadi, bai taɓa kawowa a ransa cewa ɗan'uwan robar wando ba ne. Ya karɓi sababbi guda biyu, don a riƙa wanke ɗaya ana sa ɗaya. Ta ce da ruwan ɗumi kaɗan da sabulu, ba murɗa, a shimfiɗa a inuwa, a nannaɗe shi ba a ninke ba. Ta ƙara da cewa kada ya ja sosai, yana fita tana faɗa, amma hankalinsa ya riga shi isa gida.

Ya durƙusa gaban Auta ya naɗa sabon da irin ƙarfin da hannunsa ya saba. Ya tashi yana murmushi, ya ce yau dai a ga ta inda zai sulale. Ko minti goma sha biyar ba a yi ba ta ce masa yatsunta suna mata kamar ana tsira allura. Ya duba. Sun yi duhu, sun yi sanyi. Ya warware bandejin da sauri har maƙalinsa ya faɗa ƙarƙashin kujera. Ya riƙe ƙafar a tafin hannunsa yana kallo har jini ya dawo. Matarsa na tsaye a bakin ƙofa, ta ce jiya ya dafa, yau ya shaƙe, Allah kaɗai ya san abin da ya tanadar wa ƙafar nan gobe. Ya ce wa Auta ta ɗora ƙafar a filo haka nan, ba ɗauri, sai ya dawo.

Ya shiga shago ya ture kayan mutane gefe, ya shimfiɗa bandejin biyu a kan teburin guga. Ya fara da tsohon. Ya sa allura ya tsefe bakinsa, sai ga zaren robar sun fito gutsi-gutsi, sun bushe, suna karyewa a tsakanin yatsu. Ya tsefe ɗan bakin sabon, ya ciro zare ɗaya siriri kamar gashi, ya ja shi ya saki har sau goma yana mamaki. Wannan ɗan abin ne ya kusa hana jini zuwa yatsun 'yarsa? Sai ya ɗauki biro ya yi wa sabon ɗigo-ɗigo, tsakanin kowane biyu faɗin yatsa uku. Da ya ja iya ƙarfinsa, tazarar ta kai yatsa biyar da ɗoriya. Ya gane ke nan da biyar ya ɗaure yarinyar.

Ya naɗe wandonsa, ya gwada a tasa ƙafar. Da biyar, kafin ya goge riga biyu ƙafar ta fara zugi. Da uku, wato ba ja ko kaɗan, yana zuwa wajen baho ya dawo ya sulale. Da huɗu ya ji abin ya rungume ƙafar, in ya taka ya buɗe, in ya ɗaga ya biyo shi. Haka ya wuni yana aiki da ƙafa a naɗe. Direban da ya zo karɓar kayansa ya yi masa sannu, ya tambaya ko ciwon na gidan yaɗuwa yake yi. Ya ce a'a, awo yake. Direban ya kalle shi, ya kalli ƙafar, ya ɗauki kayansa ya tafi.

Da la'asar ya koma kemis da ƙafar a naɗe, don ba ya son ya sake yin gaban kansa. Mai kemis ta zura yatsa a ƙarƙashin ɗaurin, ta ce haka ake so, yatsa ɗaya ya shiga ba da kokawa ba. Ta gyara masa abu ɗaya, ta ce ya fara daga gindin yatsu ya yi sama, kowane zagaye ya rufe rabin na baya. Ta tambayi ɗige-ɗigen biron, ya yi mata bayani. Ta ce shekararta goma sha biyu tana cewa mutane su ja daidai, ba ta taɓa sanin daidai yatsa huɗu ba ne.

Daga ranar ɗaurin ya daina sulalewa. Laraba tef ya nuna goma da rabi. Juma'a goma da ɗan kaɗan. Ranar Asabar Auta ta zauna a kekenta na gida ta taka a hankali, ta ɗinka hannun riga ɗaya, ta ce akwai ɗan zafi amma ba irin mai hana aiki ba. Shi kuwa yana tsugune a gefe yana kallon yadda ɗigon biron ke buɗewa suna rufewa a kan idon sawun duk lokacin da ta taka.

Ranar gwajin ya rufe shago ya raka ta, duk da ta ce ba sai ya je ba. Ba a barin kowa ya shiga, sai ya zauna a kan dakalin da ke gefen get, kusa da mai gadi. Awa uku yana jin ƙarar kekuna ta taga, yana ƙoƙarin rarrabe wanne ne nata. Duk wanda ya ji ya tsaya sai gabansa ya faɗi. Mai gadin ya ba shi ruwa, ya ce a gwajin bara ma akwai uban da ya zauna a nan, amma shi bai yi zufa haka ba.

Da suka fara fitowa ya miƙe. Ya hango ta a cikin na ƙarshe, tana ɗan ɗingishi. Idonsa na kan ƙafar tun daga nesa har ta iso gabansa.

"Baba, fuskata za ka kalla."

Ya ɗago. Ta ce ita ce ta uku, ranar ɗaya ga wata za ta fara. Ta ce wajen ƙarshe ƙafar ta yi nauyi, ta rage gudu, shi ya sa ba ta zo ta ɗaya ba.

Ya ce uku ma ta isa. Sai ya ce ta zauna a dakalin ta miƙe ƙafar tukuna, bas ba zai ƙare ba. Ta zauna, ya zauna kusa da ita, mai gadi ya kawo musu wani kofin ruwa.