Guzurin Ntate Sefako

"Ajiye min kwalbata, Ntate! Wannan na kek ne, ba na huhu ba."

Na fizge 'yar kwalbar ƙamshin da nake ɗigawa a kwaɓin kek daga hannunsa. Juyawa kawai na yi in duba murhu, ashe maƙwabcina Ntate Sefako, wato Baba Sefako a yarenmu, ya lallaɓo ta ƙofar baya lulluɓe da bargo, har ya kwance kan lofensa na lantarki zai ɗura.

"Ɗigo biyu kawai, Mme," in ji shi, yadda ake kiran kowace uwa a nan. "Ai ƙamshinsu ɗaya."

"Fetur ma akwai masu son ƙamshinsa. Je ka ɗura shi."

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari, tarin ya durƙusar da shi a bakin ƙofata. Na tura masa kujera ya zauna yana haki, lofen na hannunsa babu ko ɗigo a ciki.

Lokacin kullen korona ne, ga hunturu ya kankama. Gwamnati ta hana sayar da taba a ƙasar nan kaf, ta haɗa har da ruwan da ake zubawa a lofen lantarki. Shago ɗaya da muka sani a cikin garin Welkom mai sayar da ruwan ya garƙame ƙofa. Sigari kuwa, wanda aka ce an hana, sai ya fi burodi sauƙin samu a nan unguwarmu ta Thabong. Ƙwanƙwasa taga kawai za ka yi a miƙo maka. Amma ruwan lofe, wa zai ɗauki kasadar shigo da shi saboda tsofaffi 'yan ƙalilan?

Tun ina amarya muke raba shingen waya da Ntate Sefako, kuma tun lokacin muke faɗa a kan hayaƙinsa da ke kama min shanya. Shekara talatin ya yi a ƙarƙashin ƙasa yana fasa dutsen zinariya. Ya fito da ƙura cike da ƙirji, da taba a baki. In babu ta kwali, ya naɗe garin taba a takardar jarida. Na sha gaya masa da ita za a binne shi.

Abin da ya raba shi da taba kowa a layinmu ya sani. Ranar da matarsa Mmadieketseng za ta cika, ya wuni a gefen gadonta yana riƙe da hannunta. Da yamma ya ce bari ya zuƙi ɗaya a waje ya dawo. Kafin karan ya kai rabi na leƙo na kira shi, ta riga ta cika. Har yau ina ganin yadda ya tsaya yana kallon abin da ke tsakanin yatsunsa.

Ya rantse ya bari. Ya bari ya koma, ya sake bari ya sake komawa, har wani tsohon abokin aikinsa ya nuna masa lofen nan. Ni ban ce magani ba ne, kuma shi ma bai taɓa cewa haka ba. Abin da na sani, shekara shida ke nan karan sigari bai taɓa leɓensa ba. Da abokan dararsa suka ga Sefako, wanda ake cewa da taba aka yaye shi, ya iya, sai suka bi sahu. Kullum da hantsi suna ƙarƙashin bishiyar ƙofar gidansa, suna buga dara suna busa tururi mai ƙamshin mangwaro, ƙartin da suka fasa duwatsu suna ƙamshi kamar shagon alewa. Ba irin tsiyar da ban yi musu ba, amma a zuciyata ina jin daɗi.

Da ruwan ya ƙare, ɗaya bayan ɗaya suka riƙa ƙwanƙwasa tagogi. Na ƙarshensu shi ne Ntate Ralejwe, amininsa tun suna samari a rami ɗaya. Ya zo gaishe shi yana tsotsar minti, yana magana yana kau da kai.

"Matso nan," in ji Sefako.

"An ce a riƙa ba da tazara, mutumina."

"Tazarar ƙaniyarka. Tun daga kwana nake jin warinka. Kai ma ka faɗi?"

Ralejwe ya sunkuyar da kai. "Na yi sati uku ina cizon yatsa. Na kusa dukan jikata a kan cokali. Me kake so in yi?"

Sefako ya jawo allon dara ya jera duwatsu.

Wahalar da ya sha a makonnin nan, ni shaida ce. Ya tauna tsinke, ya tauna busasshen ɓawon lemo, ya yi faɗa da kare, ya yi faɗa da rediyo. Ga ƙurar rami ta taso masa gadan-gadan. 'Yarsa Dieketseng, malamar makaranta ce, ta kai shi asibiti. Aka gwada aka ce ba korona ba ce, tsohon ciwon ne ya zo ƙarshe, a mayar da shi gida a kula da shi.

Dieketseng ba ta taɓa son lofen ba. "Mme, ba ki ga abin da nake ƙwacewa a hannun yara a aji ba," ta ce min muna wanke-wanke. "'Yan shekara goma sha uku! Ni da ma a hana shi har abada."

"To ubanki ɗan shekara nawa ne?"

Washegari na ga ta ɗauki jaka ta fita neman ruwan lofen. Ta zaga garin nan, ta kira duk wanda ta sani har Bloemfontein, wani ya ce ta jira, wani ya kashe waya. Ta dawo da yamma ƙafa duk ƙura, ta zauna a dakalina ta yi kuka ba sauti.

Ana saura kwana biyu ya rasu, ya ce a fitar da shi ya sha rana. Muka kwantar da shi a doguwar kujera jikin bango, muka lulluɓe shi da bargonsa mai zanen masara. Ya rame har zoben aurensa yana yawo a yatsa. Yatsun nan biyu na dama kuwa sai motsi suke, suna zuwa baki suna dawowa ba komai.

Sai ga Ralejwe. Ya tsuguna a gabansa ya daɗe yana kallonsa, sannan ya sa hannu a aljihun riga ya zaro kara ɗaya.

Na yunƙura zan yi masa tas, Dieketseng ta riƙe min hannu.

"Ni na ce ya kawo, Mme." Ta durƙusa kusa da uban. "Ntate, sha abinka. Likita ya ce yanzu ba abin da za ta ƙara ko ta rage. Ba zan iya ganin kana wannan azabar ba. Ba wanda zai ga laifinka."

"Sha, mutumina," in ji Ralejwe. "Ka yi ƙoƙari. Duk mun faɗi, kai kaɗai za ka fi kowa?"

Sefako ya miƙa hannu ya karɓa. Ya juya karan, ya kai hanci ya ja numfashi iya abin da ƙirjin ya bari, ya lumshe ido. Wani irin daɗi ya bayyana a fuskarsa wanda rabona da ganinsa tun kafin kulle. Ralejwe ya fito da ashana. Ni dai na kau da kai ina kallon shanyata, don ba na so in gani.

"Ralejwe," na ji ya ce, murya can ƙasa. "In na tafi, me za ku sa min a rami?"

"Haba, wace irin magana ce wannan?"

"Amsa min, tsohon banza. Ko ka manta al'ada?"

"Irin dawa. Irin kabewa. Da 'yar taba, don ka gaisa da manya in ka isa."

"Yauwa. To ga tabar." Ya ɗora karan a tafin hannun Ralejwe ya danƙe masa yatsu a kai. "Babana zai tambaya, mashayi ne na gaske. Shi zan kai wa. Ka adana min, kar ka sha, na san halinka."

"Ntate…" in ji Dieketseng.

"Ke ba ki san uwarki ba." Ya tsaya ya nemi numfashi. "Waccan matar, kafin ta ce min sannu da zuwa, sai ta shinshina bakina. Sau ɗaya na bar ta saboda wannan abin. Ba zan je mata da warinsa ba."

Ralejwe ya fashe da dariya, hawaye na bin gemunsa. Ni kuma na ce hayaƙin murhu ne ya shigar min ido, alhali murhuna a kashe yake.

Ranar Laraba da hantsi ya cika. 'Yarsa na riƙe da hannu ɗaya, ni ina riƙe da ɗayan, Ralejwe na tsaye a ƙafar gado. Tun safe Ralejwe ke mutsu-mutsu, na san abin da ke cinsa, amma ko bakin ƙofa bai leƙa ba.

Zan faɗa ba kunya: na yi alfahari da mutumin nan. Shekara da shekaru ina cewa da taba za a binne shi, ga shi maganata ta tabbata, amma shi ya ci ni. Gwamnati ta ƙwace masa sandar da yake dogarawa, ta bar shi tsakiyar masu sayar da abin da ya gudu ya bari, ya ƙarasa tafiyar da ƙafarsa.

Ranar Asabar aka yi jana'iza. Dokar kulle ta ce kar a wuce mutum hamsin, don haka sauran 'yan unguwa suka tsaya a bayan shingen maƙabarta, kowa da ƙyalle a hanci. Abokan dararsa suna gaba-gaba cikin barguna. Labarin karan nan ya riga ya zaga Thabong, har da masu cewa ƙarya ne, ai dole ya ɗan zuƙa.

Da aka sauke akwatin, fasto ya gama addu'a ya ja baya ya ba dattawa wuri. Ralejwe ya matso bakin ramin ya kwance ƙullin tsumma. Ya zuba irin dawa, ya zuba irin kabewa. Sannan ya ɗauko karan sigarin. Maimakon ya sa shi, sai ya juya ya ɗaga shi sama, ya nuna wa na ciki, ya nuna wa na bayan shinge, ya juya wannan bakin, ya juya wancan. Fari tas, ba inda wuta ta taɓa.

Wani tsoho a bayan shinge ya cire hularsa, na kusa da shi ma ya cire, har abin ya bi layi.

Ralejwe ya durƙusa, aka riƙe masa bargo ta baya, ya miƙa hannu ya ajiye karan a kan akwatin ta wajen kai. Ya laluba aljihu ya fito da kwalin ashana, don ba a ba mutum taba a hana shi wuta. Har ya miƙa hannu, sai ya tsaya. Ya dubi Dieketseng, ya dube ni.

Ya mayar da ashanar aljihu, ya miƙe ya karɓi shebur.