Hoton Iya Yabawa

Mijina malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a nan Gure. Mushe Tahiru kowa yake ce masa, don a nan malamin boko mushe ake kiransa, da Faransanci. To, ga shi na faɗi sunan sau ɗaya don ku sani, ba kuma za ku ƙara ji a bakina ba. Ni Mushe nake cewa in tsaya.

Mutum ne mai hankali, wallahi, har ranar da ya je Damagaram ya dawo da kyamara rataye a wuya. Wani ma'aikacin furoje, irin ƙungiyoyin agajin nan, shi ya sayar masa da ita, baƙa, mai nauyi, da wani dogon ido da ake murɗawa ya fito, a murɗa ya koma. Tun daga ranar ba mu ƙara samun sakat a gidan nan ba. Akuyarmu kaɗai tana da hoto ya fi ɗari. An ɗauki randa, an ɗauki tsintsiya, an ɗauki ƙadangaren da yake shan rana a kan katanga. Ni kuwa ina tsakiyar tuƙa tuwo, hayaƙi ya cika mini ido, sai in ji, "Madam, kar ki motsa!"

"Tuwon fa, Mushe?"

"Haske ne ya yi kyau. Kar ki motsa na ce."

Haske ya yi kyau, tuwo ya kama. Shi ma ya ci ƙauri da miya.

Doka ɗaya ya kafa: ba mai taɓa kyamara. Ko 'yarmu Rahama da ta ƙware a latse-latsen wayar salula bai yarje mata ba, balle ni. Sau ɗaya na ɗaga ta don in share teburi, ya taso har yana tuntuɓe. "Hamsatu, wannan ba muciya ba ce!" Na ajiye masa abarsa na ce Allah ya ba da haƙuri.

Duk da haka ban tsani kyamarar nan ba, don akwai abin da nake so ta yi mini. Babana ya rasu shekara goma sha ɗaya da suka wuce, bai bar hoto ko ɗaya ba. Yanzu in na rufe ido ina neman fuskarsa, hula nake gani da gemu, tsakiyar ta ɓace mini. Wannan abu yana cina ƙwarai. Ga Iya, mahaifiyata, tana Gamu, ta tsufa, lokacin ɗarin da ya wuce ta kwanta har muka tsorata. Wana Idirisa ya taɓa ɗaukarta a salularsa, salular ta faɗa rijiya da hoton da komai. Ni hoto nake so na gaske, wanda za a wanke babba a sa a gilashi in rataye a ɗakina.

Da aka ba da babban hutu, Rahama ta tafi wajen gwaggonta a Damagaram, sai na ce, "Mushe, mu je Gamu mu yi kwana uku. Ka ɗauko mini Iya."

Ya gyara zama ya buga ƙirji. "Abu mai sauƙi. Zan yi mata hoton da ko a Yamai sai an tambayi wa ya ɗauka."

Na aika wa Iya ta bakin Idirisa. Ta ce me za a yi da hoton tsohuwa, amma tunda ni Autarta ce nake so, a zo a ɗauka. Abin da ba wanda ya yi tunani, har ni mai shirya tafiyar, shi ne wa zai tsaya gabanta ya ɗauka.

Motar kasuwa muka shiga, irin mai buɗaɗɗen baya. Ni aka sa ni gaba tare da wata mai jego, Mushe ya hau baya kan buhuna don wai ya fi ganin duniya. Damina ta zauna, tuddan rairayin da muka sani jajaye duk sun yi kore, hatsi ya kai gwiwa. Sau uku yana bubbuga rufin mota a tsaya: na farko raƙuma, na biyu wani gawo da ya bushe, na uku kuwa girgije. Girgije, jama'a! Direba ya leƙo ya ce, "Mushe, in ka ƙara buga mini mota, kai da girgijen za ku ƙarasa Gamu tare." Da muka kafe a yashi maza suka sauka turi, mijina yana gefe yana ɗaukar masu turi. Na ja mayafi na rufe fuska kamar ban san shi ba.

Mun isa bayan azahar. A ƙofar gida Mushe ya tuɓe takalma kamar yadda ya saba, ya shiga ya durƙusa can nesa kusa da turken awaki, kai a ƙasa. Iya tana zaune bakin ɗakinta. Tana jin muryarsa ta ja mayafi har goshi, ta juya fuska wajen bango.

"Iya, mun same ku lafiya?"

"Lafiya lau, Malam. Ya hanya? Ya yaran lakwal?"

Shi yana gaida ƙasa, ita tana amsa wa bango. Haka suke tun da aka ɗaura mana aure, shekara goma sha tara. Ba ta cin abinci in yana gidan, shi kuma ko ruwa ba ya sha a gabanta. Ban taɓa ganin aibin haka ba, kunyar suruki ce, kowa ya tashi ya tarar. Sai a ranar na dubi kyamarar da take lilo a wuyansa, na dubi ƙeyar Iya, na ce a raina ta yaya za a yi hoton nan?

Washegari da hantsi aka shirya. Iya ta yi wanka ta sa zanenta na saƙi, ta ɗaura sabon kallabin da na kawo mata, ta shafa kwalli. Na shimfiɗa tabarma a inuwar aduwa, ta zauna ta miƙe ƙafa ta ce, "To, ina mai hoton?"

Na ce, "Ga shi nan zuwa."

Mushe ya shigo da sallama. Kafin ya rufe baki mayafi ya sauko.

"Auta! Malam ne zai ɗauke ni?"

"Shi ne mai kyamarar, Iya."

"In zauna in zuba wa surukina ido? La'ilaha illallahu. Ke dai ba ki da ta ido."

Na roƙa, na lallasa, na ce ƙiftawar ido ce kawai. Ta ce to ya ɗauka a haka. Na juya wajen gwanin Yamai, sai na tarar shi ma ya kasa ɗaga kai. Ya miƙa kyamara gaba da hannu biyu kamar mai miƙa ƙwaryar fura, idonsa a kan yatsun ƙafarsa, ya danna sau biyar ya fita da sauri. Na bi shi waje muka duba. Hoto na farko ƙafafun Iya ne. Na biyu tabarma. Na uku wata kaza ce da ta gitta, ta fito tsaf, har ƙwayar idonta ana gani.

"Kazar dai ta yi kyau," in ji shi.

Abin da ya zo bakina ba na faɗa wa miji ba ne, na haɗiye abina.

Da la'asar ya ce ya samo dabara. Zai laɓe bayan rumbu, ya murɗo dogon idon nan daga nesa, ni kuma in zaunar da Iya in ja ta da hira, ba za ta san ana ɗauka ba. Na ce anya. Ya ce in bar masa, haka masu ɗaukar tsuntsaye suke yi. Uwata ce tsuntsuwa, kun ji.

Na zaunar da ita muna tsinke zogale. Hira ta yi daɗi, fuskarta a buɗe, ina satar kallon rumbu ina cewa a raina yauwa, danna, bawan Allah. Sai muka ji ihu.

"Ɓarawo! Ɓarawon hatsi da rana tsaka!"

Baba Ibram ne, ƙanen babana, ya dawo daga gona ya hangi mutum tsugune bayan rumbu. Ga damina, hatsi ya yi ƙasa a ko'ina, kowa idonsa a kan rumbunsa yake. Ya ɗaga sanda zai sauke, Mushe ya miƙe hannu sama, kyamara tana reto.

"Ni ne, Baba! Ni ne!"

Baba Ibram ya sauke sanda, ya dube shi, ya dubi inda idon kyamarar yake kallo. Maimakon ya rufa asiri sai ya ɗaga murya yadda har maƙwabta za su ji: "Mushe? Surukarka kake leƙe?"

Kafin magariba labari ya zaga Gamu. Iya ta shige ɗaki ta saki labule. Mushe ya tafi ya zauna ƙarƙashin wata magarya a bayan gida, ko furar da na kai masa bai kalla ba. Ya ce gobe da safe motar Gure za ta tashi, kuma da shi za ta tashi, ba zai ƙara kwana a garin da aka kira shi ɓarawo da maleƙi a wuni ɗaya ba.

"Hoton fa?"

"Wata shekarar."

Nan raina ya ɓaci. Na ajiye ƙwaryar na ce, "Wata shekarar? Kai ka ba ta takardar cewa za ta kai wata shekarar? Akuya tana da hoto ɗari a gidanmu, Mushe. Ƙadangare yana da hoto. Ubana ba shi da ko ɗaya, na manta fuskarsa, ka ji ko? Na manta! Yanzu so kake in manta tata don kana jin kunya kuma kana rowar abarka?" Kuka ya ƙwace mini, abin da ban yi niyya ba.

Na tashi na bar shi da magaryarsa.

Da safe na ɗaure kaya ina kumbure-kumbure. Direba ya aiko cewa ana lodi. Sai ga Mushe ya kira ni ƙofar gida. Ya cire igiyar kyamara daga wuyansa ya rataya mini, kamar mai ba da 'yarsa aure.

"Ki riƙe da hannu biyu. Ki ba rana baya. Nan za ki leƙa, nan za ki danna, a hankali, ba kamar mai kashe kunama ba. Kar ki taɓa gilashin. Kar ki murɗa komai. Hamsatu, in ta faɗi..."

"In ta faɗi ka sake ni."

"Ban ce ba," in ji shi, ya juya ya nufi wajen mota.

Na tarar da Iya tana damun fura, da tsohon zanenta na aiki, ba kwalli ba komai. Ta ga abin da yake wuyana ta ce, "Shi fa?"

"Ya tafi tasha. Ni ce mai hoto yau."

"To bari in canza zane."

"Ba lokaci, Iya, mota za ta tashi."

Ta ajiye ludayi, ta miƙe zaune, ta haɗe rai ta ƙame kamar an kawo ta gaban alƙali. Na ɗaga kyamara na leƙa. Duhu. Na sake leƙawa, baƙi ƙirin. Na girgiza ta, na ce shi ke nan na kashe masa aba, aurena ya mutu. Na juyo ta ina dubawa, ina salati.

"Auta," in ji Iya, "ni dai ban yi lakwal ba, amma na ga Malam yana cire wani faifai a bakinta kafin ya ɗauka."

Murfin ne ban cire ba. Na fizge shi ina tsaki, ita kuwa me za ta yi in ba dariya ba. Ta tuntsire har tana riƙe ciki, tana cewa matar mushe guda, shekara nawa a birni. Ina jin haushi na ɗaga na danna. Sau ɗaya na samu, don direba ya fara hon.

Ta riƙe hannuna a bakin ƙofa ta ce, "Kin samu abin da kike so?" Na ce na samu. Ta ce, "To ki daina tsoro haka nan. Je ki, Allah ya kiyaye hanya."

Wannan karon Mushe bai hau buhuna ba, ya matsa kusa da ni a gaba. Sai da muka bar gari ya karɓi kyamararsa, ya juya ta gaba da baya yana neman tabo, ya hura gilashin, sannan ya kunna.

"Ya karkace," in ji shi. "Kin yanke mata kallabi. Na ce ki ba rana baya, kin ba ta gefe. Wannan kuma mene ne a kusurwa, yatsanki?"

"Ba ni abata in ba ka so."

Bai ba ni ba. Ya matso da hoton kusa, ya ƙara girmansa, ya ƙura masa ido. Mota tana ta tsalle a yashi, shi ko motsi. Muka wuce garken raƙuma bai ɗaga kai ba.

"Shekara goma sha tara," ya ce a hankali, "yau na fara ganin fuskarta." Ya dube ni, ya koma ya dubi hoton. "Ashe dariyarki tata ce."

Sai kuma kamar an taɓa shi, ya tuna wa yake kallo. Ya yi maza ya sunkuyar da kai, ya miƙo mini kyamarar da hannu biyu. Na karɓa na rungume ta a ƙirji har Gure, bai ce in kawo ba.