Muryar Dodon Gada

Duk Asabar bayan la'asar, Mai Hoto yakan tura ƙofar shagonsa, ya jawo teburi gaban labulen da yake ɗaukar mutane hoto, ya shimfiɗa taswirar da ya zana da fensir. Shi ne mai jan labari. Sauran kowa da jaruminsa a takarda: Tela mayaƙi, Dogo direba ɓarawo, Nas ƙanwar Mai Hoto kuma matsafiya. Shi zai faɗi abin da ke gabansu, su faɗi abin da za su yi, ɗan lido mai fuska ashirin ya raba gardama. Marafan kwalba su ne mutane.

Abin da ya fi ba su dariya a wasan shi ne dodon da ke gadin gada. Mai Hoto ya ba shi in'ina, da wata 'yar magana da yake rufe kowane zance da ita: "To-to-to, ai shi ke nan." Tela da Dogo ba su san inda ya samo muryar ba. Nas ta sani, ta kuma sha hararar sa a kai. Muryar yayan matarsa ce, mai gyaran rediyo, wanda kowa a gidan ke kira Yaya.

Ran nan sai ga Yaya ya zo karɓar hotunan fasfo. Ya tsaya yana leƙen taswirar, Tela ya ja masa kujera, kafin ka ce me an miƙa masa takardar wani maharbi da murfin kwalba ja. Kunya ta sa bai cika magana ba, sai dai ya nuna da yatsa ya jefa ɗan lido. Ya harbo kura biyu, har yana murmushi.

Mai Hoto ya dubi taswira. Hanyar komawarsu gari ta kan gada take.

"Ruwa ya janye," in ji shi da sauri. "Kuna iya tsallakawa ta ƙasa."

"Haba!" in ji Dogo. "Mu wuce ba mu gaisa da mutumina ba? Gada muka nufa."

"Dodon yana barci."

"Na tashe shi. Yi mana muryar, baƙonmu ya ji."

"Maƙogwarona ba daɗi yau."

Nas ta taka ƙafar Dogo a ƙarƙashin teburi, shi kuwa ya janye ƙafar ya ba ta haƙuri. Ya kumbura wuya, ya lumshe ido yadda ya saba gani ana yi, ya ce, "Ku-ku-ku tsaya nan! Ba-ba mai wucewa. To-to-to, ai shi ke nan!"

Tela ya ƙyalƙyale da dariya. Yaya ma ya yi 'yar dariya don kada a bar shi a baya. Ya ɗauki murfinsa ya ajiye a bakin gada, ya ce, "Ni-ni zan ba shi naman kura, ya bar mu. To-to-to..."

Nan ya tsaya. Dariyar Tela ta katse. Dogo ya dubi Yaya, ya dubi Mai Hoto, ya sunkuyar da kai yana murza makullin mota. Mai Hoto ya ɓuya bayan kwalin da yake kare takardunsa da shi, yana juya shafuka kamar mai neman wata doka.

"In jefa?" in ji Yaya.

"Jefa, Yaya."

Ɗan lido ya nuna sha bakwai. Mai Hoto ya ce, da muryarsa ta kullum, dodo ya karɓi naman ya kauce. Aka lallaɓa wasan har gari, ba wanda ya ƙara zolayar wani. Yaya ya karɓi hotunansa, ya yi wa kowa sallama hannu da hannu.

"Na faɗa maka," in ji Nas tana tattara marafai. Mai Hoto ya naɗe taswirarsa.

Kwana biyu yana zagaye layin masu gyara da babur bai tsaya ba. Ran Talata ya daure ya shiga. Ya tarar da Yaya ya duƙufa kan wata tsohuwar rediyo, hayaƙin dalma na tashi. Suka gaisa, ya tambayi yara, ya tambayi aiki, ya sake tambayar yara.

"Yaya, abin da ya faru ran Asabar, ni na ƙirƙiro shi, ba Dogo ba. Ka yafe mini."

Yaya bai ɗago ba. Ya hura dalmar, ya juya rediyon.

"Tun ina ya-yaro ake yi mini," in ji shi. "Ban dai za-zaci kana saurarona haka ba."

Mai Hoto ya rasa inda zai sa idonsa. Yaya ya tura masa benci da ƙafa, ya miƙo masa bakin waya.

"Riƙe mini nan. Ka-kada ka motsa."

Ya zauna ya riƙe.