Muryar Jibo a Farkon Faifai

Har aka kira assalatu Mahfuz bai runtsa ba. Kwalin faya-fayan yana gefen katifarsa, tambaya guda kuma tana ta kai-kawo a ransa: mantuwa Baba Jibo ya yi, ko da gangan ya bari?

Katanga ɗaya ce tsakanin gidansu da na Jibo a Birnin Ƙonni. Shagon tsohon yana bakin tasha. A nan yake ɗaukar waƙoƙin makaɗan ƙauye waɗanda ba su da ubangida, ya buga musu a faifan sede, wato CD, su kai kasuwa da kansu. Tun da Mahfuz ya dawo daga jami'a bai sami aiki ba, a shagon yake wuni yana liƙa hotuna a jikin faya-fayai, don haka ya san al'adar mai shagon. Kafin makaɗi ya fara, Jibo kan yi magana a makirfo ya gwada sauti. Idan an gama sai ya yanke maganar a ordinater, wato kwamfuta, sannan ya buga. Muryarsa ba ta taɓa fita daga shagon ba. Ko hoto ba ya yarda a ɗauke shi.

Aikinsa na ƙarshe na Muttaƙa ne, wani mai gurmi daga Bazaga. Jibo ya buga shi yana fama da ciwon ƙirji, a kan ragowar faya-fayan da ya sayo tun bara, domin yanzu ba mai kawo su Ƙonni.

Ranar da za a kai shi likita Mahfuz ya tambaye shi, “Baba, ka ƙare na Muttaƙa?”

“Na ƙare, Mushe.” Haka yake tsokanarsa, wato malamin lakwal, makarantar boko.

“Ka saurara kuwa?”

“Ji mini yaro. Can lakwal ɗin taku anka koya maka aikina?” Ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Daga likita gawarsa aka dawo da ita.

Bayan sadakar uku Muttaƙa ya zo gaisuwa, ya nemi kayansa. Mahfuz ya ɗauko kwalin, ya sa faifai ɗaya a rediyo a zauren gidan marigayin don a gwada. Maimakon gurmi sai aka ji tari, sannan murya: “Muttaƙa, matso kusa. Makirfo ba ya cizo. To, bismilla.”

Malam Sufyan, ƙanen marigayin, ya miƙa hannu ya kashe rediyon.

“Duka haka suke?” in ji shi.

Mahfuz ya gwada wani, ya gwada wani. Duka haka suke. Abin da aka buga a irin wannan faifai kuwa ba ya goguwa.

“A farfasa su,” in ji Malam Sufyan. “Mutum na kwance kabari, muryatai na buɗe ma mutane kiɗi cikin kasuwa? Duk wanda yat taka rawa, shi mamacin za a tambaya.”

Muttaƙa ya sosa ƙeya. “Ni ma, Malam, wa za ya sa wanga wurin buki? Amarya na shigowa, mamaci na tari.” Ya juya faifan, ya dubi hotonsa da ke jiki, rungume da gurmi. “Amma hoton ya yi kyau, wallahi.”

Daga bayan labule Nazifa, 'yar autar Jibo, ta yi magana a hankali. “Yaya Mahfuz, sake sa shi.”

“Koma ciki, ɗiyata,” in ji Malam Sufyan. Ya tura wa Mahfuz kwalin da ƙafa. “Kai ka san kansu. Gobe kar in iske ko guda.”

Abin da ya hana Mahfuz barci ke nan. Idan mantuwa ce, to ciwo ne ya tona abin da tsohon ya ɓoye tsawon rayuwarsa, farfasa faya-fayan kuma rufa masa asiri ne. Idan da gangan ne, to mutumin da bai bar hoto ba ya zaɓi ya bar wannan, shi kuma an sa shi ya hallaka shi da hannunsa. Ya tuna dariyar nan ta ranar likita, ya juya ta ta kowace fuska, bai gane ko ta mai wasa ba ce ko ta wanda ya san abin da ya yi. Game da maganar kabari kuwa, bai iya cewa Malam Sufyan ya yi kuskure ba, bai kuma iya cewa ya yi daidai ba.

Da hantsi ya buɗe shagon, ya jira kuran, wato wutar lantarki, ya dawo. A cikin aljihun tebur ya tarar da faifai ɗaya da ba a buga ba. Ya kunna ordinater, ya yanke maganar kamar yadda Jibo kan yi, ya zuba waƙoƙin a katin memori na waya don Muttaƙa. Sannan ya ɗauki guntun da aka saba zubarwa, tarin da maganar, ba kiɗa ko kaɗan, ya buga shi a faifan ƙarshe. Ya riƙe alƙalami zai rubuta suna a jiki, ya fasa.

Ya aika a kira Nazifa bakin zaure, ya miƙa mata. Ba ta tambayi mene ne ba. Ta sa shi cikin hijabinta ta koma.

Kwalin kuwa, ya ɗaure shi a bayan kabu-kabu zuwa gonar Jibo, inda gero ya fara nuna, tsuntsaye suna sauka a kai. Rana za ta cinye abin da ke cikinsu ba sai ya ɗaga dutse ba. Ya zura igiya ta ramukan tsakiyarsu, ya rataya su tsakanin karare, ɗaya bayan ɗaya, har kwalin ya ƙare.

Iska ta taso. Faya-fayan suka shiga juyawa, wani gefen fuskar Muttaƙa da gurminsa, wani gefen walƙiya. Tsuntsayen suka tashi suka koma kan wata aduwa. Mahfuz ya zauna a kan kwalin yana kallo.